Sunan da Na Tsallake

Ganga ce ta tayar min da wannan tunanin. Ina zaune a motata a filin da direbobi ke jiran fasinja a filin jirgin sama na JFK a New York, na jingina waya a jikin sitiyari, ina kallon wasan ƙwallo daga Kanada. Sai wani daga cikin 'yan kallo ya shiga dukan wata ƙatuwar ganga, sauran jama'a suna amsa masa da ƙafafu. Ba irin kiɗanmu ba ne, hannu ɗaya ne yake ta maimaitawa babu gishiri. Amma ya mayar da ni lokacin da nake ɗan shekara goma sha biyar, idan makaɗa sun iso fagen kokawa na ƙauyenmu, kuma na san yau sai an kira ni.

Gara in gaya maka tun da wuri, ni mutum ne mai fargaba, kuma da ita na tashi. Idan na kulle ƙofa sai na koma na taɓa ta. Idan na gama alwala sai in tsaya ina tunanin ko ruwa ya kai gwiwar hannun hagu. A firamare ma, inda karatuna ya tsaya, nakan goge amsar da na rubuta daidai har takardar ta huje. Sai kuma Allah ya haɗa min wannan zuciyar da ƙaton jiki. Mutanen ƙauye jikin suka gani, ba su ga zuciyar ba, don haka suka sa ni a cikin 'yan kokawa.

A wajenmu kokawa tana da lokacinta. Ba a yinta da damina, kowa yana gona. Sai an yanke gero, an ɗaure dammuna, rumbuna sun cika, sannan samari su sami sukuni. A lokacin nan gari yana ƙamshin sabuwar fura da gyaɗar da yara ke gasawa a toka. Ƙaiƙayi yana shiga wuyan riga, ko'ina ka juya sai ƙarar taɓarya. Duk ranar kasuwa bayan la'asar, ko dai samarinmu su tafi wani ƙauye, ko wasu su zo mana. Haka za a yi ta yi har sanyi ya kama sosai, maza su fara ɗaure kayan ci-rani.

Baba tsohon ɗan kokawa ne, kuma ba ya fashin zuwa fage. Yakan zauna a gaba a kan buzunsa, ya kafa wa kowane kamu ido. Amma da zarar makaɗa sun juya kiɗa sun kira ni, sai ya sunkuyar da kai, ya cire takalminsa na fata, ya shiga gyaran maɗaurinsa. Ko na kayar, ko an kayar da ni, yana nan yana fama da takalmi. Ni ne ɗansa na fari. A wajenmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa a cikin mutane, ba ya ma nuna ya san da zamansa. Tun da na yi wayo, abin da nake ji daga bakinsa shi ne "kai" ko "yaron nan".

Idan an yi kokawar ƙarshe, ranar Juma'ar da ta biyo baya dattawa sukan taru a zaurenmu bayan an sauko daga masallaci. A kawo fura a babbar ƙwarya, a jera ludaya, sai Baba ya yi bitar shekarar gaba ɗaya. Ƙauye bayan ƙauye, saurayi bayan saurayi, ba ya tsallake kowa. Mu kuma muna laɓe a bayan zana muna saurare. Har yanzu ina jin muryarsa.

"Ɗan gidan maƙera yana da ƙarfi, amma da kai yake shiga kamar rago. Duk wanda ya kauce masa ya gama da shi. Ɗan gidan liman kuwa ƙafa ce da shi, sai dai yana tsoron ƙasa ta taɓa masa walki."

A yi dariya, a yi gardama, wani ya ce an yi wa jikansa rashin adalci. Idan Baba ya zagayo ya zo kaina, sai ya yi shiru. Ya ɗauki ludayi, ya kurɓi fura a hankali, ya ajiye. A nan ne Baffa, ƙanensa, yakan yi gyaran murya.

"Yaya, ka yi mantuwa. Akwai wani ɗan ƙato a gidan nan da yake cinye mana tuwo."

"Wane? Ni ban lura da shi ba."

Sai zaure ya kaure da dariya, Baffa kuma ya karɓe zancen. Ya faɗi wanda na kayar, da yadda na kama ƙugunsa, da inda na yi sakaci. Baba yana kallon rufin zaure kamar ana zancen ɗan wani gari. Shekara biyu aka yi haka, ban taɓa tsayawa na yi tunanin abin ba. Na ɗauka haka nan Baffa yake, mutum mai son surutu.

A shekara ta uku Baffa ya tafi ci-rani da wuri. Kuma a shekarar ce na yi abin da ban taɓa yi ba: na kayar da gwanin ƙauyen bakin gulbi, wanda ya daɗe bayansa bai taɓa ƙasa ba. Mata suka yi guɗa, aka ɗaga ni sama. Ranar Juma'a na riga kowa zuwa bayan zana. Baba ya yi bitarsa, ya zo kaina, ya ɗauki ludayi, ya kurɓa, ya ajiye. Shiru. Na ji tarin wani tsoho, na ji kaza tana tono a tsakar gida. Babu wanda ya yi gyaran murya, don ba hurumin kowa ba ne a cikinsu. Can sai wani ya kawo zancen rijiyar da ta rufta, aka bi shi, aka tashi.

Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Na zauna ina tono laifuffukana ɗaya bayan ɗaya. Ko don na bar akuya ta shiga gonar wake? Ko na yi dariya a fage, ya ɗauka girman kai ne? Ko kamun da na yi wa gwanin nan akwai ha'inci a ciki ban sani ba? Na kai ga yanke cewa Baba ya ga wani mugun abu a tare da ni, wanda ya fi ƙarfin faɗa.

Gwaggo, yayar Baba, ita ta same ni a bayan rumbu. Ta dube ni, ta dubi ƙwaryar tuwon da ban taɓa ba, ta ce in faɗa mata. Da na gama sai ta dungure min kai.

"Jiki kamar na bijimi, hankali kamar na ɗan tsako. Shirun nan da ya yi ai wurinka ne ya share ya bari. Baffanka da ya saba cike shi ne ba ya gari. Tashi ka je ka duba takalmin da yake ta gyarawa tun farkon kaka."

Na je. Takalmin yana bakin ɗakinsa. Babu abin da ya same shi, ɗinkinsa ƙalau. Sai dai wuri ɗaya a jikin maɗaurin ya yi sumul, ya yi baƙi, daidai inda babban yatsa yake murzawa. Na daɗe a tsugune ina kallonsa. Na gane, kuma na ci tuwo a ranar. Amma kwana ukun nan ba su fita daga jikina ba. Baba ya rasu bai taɓa kiran sunana ba, kuma ban riƙe shi da komai ba. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Baffa da Gwaggo.

To, ka ji asalin. Yanzu bari in dawo da kai inda na faro.

Na zo New York da ƙuruciyata, na zauna a unguwar Tremont, na kama tuƙi, a nan aka haifa min 'ya'ya biyu. Na farin namiji ne, kuma jikina ya ɗauko har ya zarce. Ban taɓa kiran sunansa ba. Ba shawara na yanke ba, bakina ne kawai ya bi hanyar da ya sani. Tun yana makaranta aka ja shi cikin ƙwallon nan ta Amurkawa, ta masu hular kwano. Da ya gama karatu ƙungiyoyin Amurka ba su ɗauke shi ba, sai wata ƙungiya a wani gari mai sanyi a Kanada ta kira shi. Ni ban ma san suna da tasu daban ba. Ƙanwarsa ce ta zaunar da ni ta koya min: filinsu ya fi na nan tsawo da faɗi, mutum goma sha biyu ne a kowane ɓangare, kuma dama uku ake ba ka ka ci gaba da ƙwallo, ba huɗu ba. Aikin yaron shi ne ya tsaya a sahun gaba na masu tsaro, ya ture ƙaton da ke gabansa, ya kai ga mai jifan ƙwallo na abokan hamayya ya kayar da shi. Da na kalla sau biyu sai na ce, wannan ai kokawa ce aka sa mata hula.

Kakar wasan bana ta so ta kashe ni. Sun fara ne lokacin da zafi ya kama a nan, kuma suka fara da shan kashi a jere. Mai jifansu ya gurɗe kafaɗa. Magoya baya suka yi ta rubuce-rubuce a intanet. Ni Turancina na baki ne, karatunsa yana min wuya, don haka nakan roƙi yarinyar ta karanta min, in kuma yi nadama tun ba ta kai ƙarshe ba. Wani ya ce a kori koci, wato mai horar da su. Wani ya ce sahun tsaronsu kamar labule ne, kowa ya ga dama ya ɗaga ya wuce. Wannan maganar ta bi ni har cikin salla, na yi ta istigfari. Duk lokacin da na ga an taru a kan wani ɗan wasa a kwance, sai na ƙirga lambobin waɗanda ke tsaye kafin numfashina ya dawo.

Direbobin da muke jira tare suka kamu da ciwon su ma. Sukan taru a tagar motata, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da wani ɗan Zangon Kumasi mai tsokana. Idan kyamara ta nuno yaron, shi ne yake fara ihu.

"Alhaji, ga naka nan! Ga shi nan, ya danne mutum!"

Ni kuma sai in ɗauko tsumma in shiga goge madubin mota.

"Alhaji, madubin nan ya yi haske haka nan. So kake ka huda shi?"

Tsakiyar kaka aka sa wani matashin mai jifa, abubuwa suka fara daidaita. Suka ci, suka sake ci, masu cewa a kori koci suka koma yabonsa. Sanyi ya sauko, 'yan kallo suka koma zuwa da barguna. Aka zo wasan ƙarshe, wanda sai sun ci shi za su shiga zagayen neman kofi. Wasan da na ji gangar nan ke nan. Ana dab da tashi mai bugunsu ya buga ƙwallon da za ta ba su nasara, iska ta kwashe ta ta yi gefe. Shi ke nan, shekara ta ƙare.

Muna da zaure a waya, mu direbobi, inda ake tura saƙon murya. Suka matsa min wai in yi musu bitar kakar wasan, tunda ni na jawo su ciki. Kwana biyu na yi ina shiri. Na rubuta sunayen 'yan wasa a bayan ambulan don kada in zalunci kowa. Bayan la'asar na rufe gilasan mota na fara.

Na ce, jama'a, ƙungiyar nan ba a wasan ƙarshe ta faɗi ba, tun farkon kaka ta faɗi, lokacin da aka bar mai jifa yana wasa da ciwo don ana jin nauyin zaunar da shi. Na ce matashin da ya gaje shi yana da hannu, amma yana kallon wanda zai jefa wa tun kafin ya jefa, ko makaho ya san inda za ta. Na ce masu cafe ƙwallo biyu sun yi ƙoƙari, na ukun kuwa yana gudu kafin ya riƙe. Na ce kada kowa ya zagi mai bugu, iskar garin nan ko tanti tana ɗagawa, kuma shi ya ci musu wasanni a baya. Na bi sahun tsaro ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan yaron, sai na yi shiru. Na buɗe filas, na kurɓi shayi, na rufe. Sannan na wuce kan koci, na yi addu'a, na tura.

Wallahi daɗi na ji. Ji na yi na yi abin kamar yadda Baba yake yi, ban rage komai ba.

Saƙon ya zaga. Wani ya tura wa matarsa, ta tura wa matata, ya kai ga yarinyar, ya kai Kanada. Yaron yana jin Hausa sarai, mayarwa ce take masa wuya. Ranar Juma'a, da ya saba kiran gida, bai kira ba. Na duba waya ya fi a ƙirga. Na ce ko ciwo ya ji ya ɓoye mana. Ranar Asabar da safe yarinyar ta same ni a kicin, ta ajiye wayarta a gabana.

"Baba, Yaya ya ce ba zai zo hutun nan ba. A can zai zauna."

Ta fassara min abin da ya rubuto mata. Ya ce na ambaci kowa, har wanda ya zubar musu da wasa na nema masa uzuri. Shi kaɗai ne bai kai a ko zage shi ba. Ya ce tun yana yaro yake jira in ce wani abu, yanzu ya gane amsar.

Na ce mata ai al'ada ce, ɗan fari ne, haka ake yi.

"Shi ya sani? Ka taɓa gaya masa? Wa zai gaya masa, Baba?"

Na koma mota na buɗe zauren direbobi, na saurari abin da ya biyo bayan saƙona. Wani ya ce madalla. Wani ya yi gardama a kan mai bugu. Daga nan aka shiga zancen cunkoso a hanyar filin jirgi. Sai na ji kamar ina bayan zana, kaza tana tono, wani yana kawo zancen rijiya. Waɗanda suka san al'adar sun ga ba huruminsu ba ne, waɗanda ba su sani ba ba su lura ba. Ni na ɗauko shirun Baba na tsallako teku da shi, na bar gyaran muryar Baffa a gida. Ni kwana uku na yi a cikin wannan halin, Gwaggo ta fitar da ni. Shi kuwa shekara nawa?

Na yi tunanin in roƙi ɗan Kumasi ya zama Baffa. Amma bai ga abin da na gani ba, kuma yaron zai gane shiri ne. Na yi tunanin in kira yaron mu biyu kawai. Sai na tuna a gaban mutane na tsallake shi. Na ji tsoron bakin mutane, na ji tsoron a ce Alhaji ya zauna a Amurka har kunya ta fita daga idonsa. Fiye da komai na ji nauyin Baba, kamar zan ce masa hanyarsa ba ta da kyau. Na yi azahar a masallacinmu na Tremont, na fito, na zauna a mota. Sau huɗu ina farawa ina gogewa. A na biyar na yi gyaran murya.

Na ce, jama'a, na yi mantuwa. Akwai wani ɗan ƙato da ya cinye mana tuwo a gidan nan. Na ce a wasan da aka yi cikin ruwan sama, mutum biyu aka sa masa, ya ratsa tsakaninsu ya kayar da mai jifa, kuma daga nan wasan ya juya. Na ce lokacin da ake kiran sahunsu labule, shi ne yake bi yana ɗaga abokansa daga ƙasa. Na ce yana da aibi ɗaya: idan ya gaji yana miƙewa tsaye da wuri, sai a shiga ƙarƙashinsa, kuma a wajena ya gaji wannan. Sannan na faɗi sunansa. Harshena ya yi nauyi kamar na ɗauko dutsen niƙa da shi. Na tura kafin in sami damar gogewa, na kifa wayar a kujera.

Ɗan Kumasi ne ya fara amsawa.

"Allahu akbar! Ashe Alhaji ya san sunan ɗansa!"

Daga Kanada kuwa shiru, har washegari da hantsi. Ina layin jira a JFK saƙon muryarsa ya shigo, gajere, da Hausarsa mai karkata.

"Baba. Ka ga wasan ruwan sama? Na zata ba ka kallo." Sai ya ƙara da cewa, "Ba na miƙewa da wuri. To, wani lokaci. Asabar zan sauka. Kada ka ɗauki fasinja."

Har yanzu ban daina tambayar kaina ko Baba zai yarda da abin da na yi ba. Wata rana in ce zai ɓata rai, wata rana in ce shi da ya ga babu Baffa a garin nan, da ya san abin da zai yi. A ƙauyenmu mutum yana iya yin shiru, don akwai bakuna da yawa a gidan da za su faɗi abin da ya rage. A nan ɗaki biyu ne da falo, mu huɗu, duk abin da ban faɗa ba ya tafi ke nan.

Yau ce Asabar ɗin. Na iso tun jirgin bai taso daga can ba, na duba allo sau uku, na koma na taɓa ƙofar mota. Ɗazu na lura gefen madubin ya yi sumul, launinsa ya koɗe inda nake gogewa, zan nuna masa idan mun shiga. Yanzu dai ina tsaye a bakin ƙofar fitowa a cikin jama'a, ina maimaita sunan a hankali, don wurin da hayaniya, kuma sai na ɗaga murya kafin ya ji.